Yaya, maganar motar nan

Assalamu alaikum Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya, ya Inna da ƙafar tata, ya su uwargida da amarya da yara, ya kuma zafin Birnin Kebbi don na san yanzu kuna cikinshi tsundum. Mu nan Hustan ta Amurka sai godiya, aiki dai ba hutu. Na saurari saƙonninka na murya duka huɗun a WhatsApp kan motar da zan saya in aiko muku, lokacin da ka turo ina bakin aiki, in na tashi kuma ku dare ya raba tunda awa 6 ke tsakaninmu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake ka karanta ka sake karantawa, in ka so ma ka karanta ma Inna don kuɗin nan da hannunta a ciki tunda shanunta biyu anka sayar.

Na ji ka nace kan Highlander, wai jif ta fi kwarjini, wai Sienna motar haya ce in ka faka ta ƙofar gida mutane za su zo suna tambaya ko Kontagora za ka. Wallahi na yi dariya ni kaɗai a ɗaki. Amma Yaya tsaya mu yi lissafi tukuna, kai ɗaya, matanka biyu, Inna, yara shida, mutum goma ke nan ban sa Gwaggo ba wadda ba a taɓa tada mota gidan nan ba ta ce a rage mata hanya ba. Ko ba ku fita gaba ɗaya ba, ranar suna ko biki ko Sallah mutum bakwai takwas dole ne. To abin da za ka duba shi ne layi na uku, wa zai zauna can, kuma in ya zauna ina za a sa kaya.

Highlander mota ce mai kyau ban musa ba, injinsu ma ɗaya da Sienna in V6 ce, wato mai silinda shida, amma kujerar bayanta don yara ƙanana anka yi ta. Babbar Sallar bara mun tafi Idi mu bakwai a jif ɗin wani abokina ɗan Gusau, irin masu layi uku ɗin nan, ni anka tura can baya don ni ne ƙarami cikinsu, sai da anka kwantar da kujerar tsakiya na shiga a duƙe kamar mai shiga akurki, babbar rigata ta maƙale, na zauna gwiwata na taɓa haɓata, tafiyar minti arba'in na sauko ƙafata ta mutu murus sai da na dafa mota na ɗan tsaya. Dardumanmu da kular abinci kuwa kan cinya munka riƙe su don but ɗin da ya rage bai wuce a sa jakar hannu biyu ba. Yanzu ka kwatanta wanga hali daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, kusan kilomita 150, cikin watan Afrilu, ga amarya da goyo.

Sienna kuwa babba na zama layi na uku ya miƙe ƙafa, kuma bayan kujerar akwai rami mai zurfi da zai ci buhun shinkafa da akwatuna ba tare da an kwantar da komi ba. In kaya za ka ɗauko daga Jega sai ka naɗe kujerun su shige cikin ramin ƙasa ta zama shimfiɗe. Abin da ya fi damuna ma Inna ce. Ƙofar Sienna ja ake yi ta tafi gefe, bakin ƙofar a ƙasa yake, taku ɗaya ta shiga ta zauna, ba sai an tallafo ta an ɗaga kamar yadda ake yi mata a jif ba, kuma ka san halinta, gara ta fasa zuwa ganin likita da a ce yara sun ɗaga ta gaban mutane.

Ka tuna Peugeot 504 wagon ɗin Baba, haɗin Kaduna, mai layi uku ita ma? Ni da kai da Auta can ƙuryar baya muke zama in za mu Argungu kallon su, ƙura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa muna isa kamar an tono mu. Motar nan ba ta da wani kwarjini amma duk garin da ta tsaya akwai mai gyaranta ƙarƙashin bishiya. To matsayin da Sienna ta taka ke nan yanzu, abin da kake gani aibu, wato 'yan haya sun cika hanya da ita, ni shi ne ya sa nake son ta, direban haya ba ya sayen motar da za ta kwana garejin bakanike, kuma duk inda sunka yi yawa kayan gyaransu ma sun yi yawa, sabo da na gwanjo. Ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki, kai ma ka sani ba sai na faɗa da yawa ba, motar da ta saje da na haya ta fi min kwanciyar hankali a kan wadda za a hango daga nesa a ce ga mai kuɗi nan.

Inda kake da gaskiya shi ne ciki. Cikin Sienna a ƙasa yake, in ta ɗauki mutum takwas da kaya ta ƙara zama, kuma hanyar gona wajen fadama da damina ba tata ba ce, za ta dinga dukan ƙasa har a fasa salansa ko kaskon baƙin mai. Amma sau nawa kake shiga gona da iyali? Babur ɗinka na nan, ka bar mata kwalta da burji mai kyau. In ma ka matsa a sa mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, masu walda na yi.

Wadda nake nema ta 2015 ko 2016 ce, samfurin LE, mai kujera 8, V6 mai lita 3.5, giya shida. Daga 2017 sunka canza giyar ta koma takwas, daga 2021 kuma duk haibirid ce mai batir, tana da sauƙin mai ƙwarai amma ban son in aiko maka abin da sai an kai Kano ko Abuja kafin a sami mai taɓa shi. Injin 3.5 ɗin sarƙa gare shi ba bel ba, ba kamar tsohuwar 3.3 ta 2004 zuwa 2006 da ake canza mata bel ba. Kuma ba zan sayi mai jan taya huɗu ba duk da na san za ka ce ita ta dace da mu, don waccan ba ta zuwa da safaya, wasu tayoyi na musamman gare ta masu tsada da ake iya tafiya da su ko sun sace, ina za ka same su a Kalgo? Mai jan gaba safayarta na maƙale a ƙarƙashi wajen ƙofar dama, zan nuna maka a bidiyo yadda ake sauke ta.

Mai kuwa kada in ruɗe ka, tana sha. Tankinta lita saba'in da wani abu ne, a babban titi za ta ba ka kamar kilomita 10 a lita, cikin gari da AC bai kai haka ba, kuma tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023 ka fi ni sanin abin da cika tanki ke nufi. Highlander ma haka take sha, don haka nan ba wadda ta fi wata. Kai yaran makaranta kullum da ita ba zai yiwu ba, a bar su da Keke.

Dillalin da ka ce ya nuna maka hoton wata a Kwatano da araha, don Allah kada ka ba da ko sisi. Na farko tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, in ta biyo daji ta Kamba takardunta ba za su tsaya gaban kwastan ba, wata rana a tare ka a hanya a sauke iyalinka. Na biyu arahar nan ina tsoronta. Shekarar da na zo na sayi wata ƙaramar mota a gwanjo, fes da ita kamar sabuwa, sati biyu sai wari ya fara tashi in na kunna AC, gilashi ya sauka da kanshi, fitilun gaban sitiyari duk su kama lokaci ɗaya, na kai ma wani bakanike ɗan Meksiko ya ɗaga kafet ya kira ni ya ce duba, busasshen laka ne kwance a ƙasa, ƙusoshin kujera duk tsatsa, ashe cikin ambaliyar da anka yi nan Hustan a 2017 ta kwana. Irinsu dubbai anka wanke anka loda a jirgi. Shi ya sa duk wadda zan saya sai na sa lambarta ta VIN, mai harafi da lamba 17, na ga tarihinta a Carfax, shafin da ke adana tarihin motoci, in ta taɓa haɗari ko ruwa ko an mai da mitarta baya zai nuna in an shigar da rahotonshi, sannan in shiga ƙarƙashinta da tocila da kaina. Ba na son ta jihohin arewacin Amurka ma inda suke zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara, cikinsu ke ruɓewa. Kuma in na ce maka ta yi 120,000 mil ne ba kilomita ba, kusan kilomita 190,000 ke nan, ga wanga inji ba komi ba ne in ana mata sabis.

Na ga guda biyu, fara da ruwan toka, farar nake so saboda rana. Asabar zan je in tuƙa ta in gwada AC na baya da ƙofofin, don masu lantarki ne kuma sai ka ja ma yara kunne su daina fizgarsu da ƙarfi. In ta yi zan turo maka VIN ɗin ka ba ejan ɗinka na Legas ya faɗa mana kuɗin duti tun kafin in biya, da lambar suke yankewa yanzu, kada mota ta iso tashar jirgin ruwa ta Tin Can mu tsaya kallon juna kuɗin ajiya na hawa.

Kafin Asabar ka leƙa tasha ka tambayi direbobin Sienna biyu ko uku wa ke musu gyara, kuma ka auna faɗin ƙofar gidan, tsawonta ya haura mita 5 ban tabbata za ta juya ta wajen rijiya ba sai an matsar da turken awaki. Ka gaishe da Inna ƙwarai ka ce maganin shafawarta na nan zan sa cikin motar, ka gaida Gwaggo da Kawu da mutanen gida duka.

Ƙanenka,
daga Hustan