Kafin ka sa hannu a takardar nan

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta gaya mini abokinka zai ci bashi a banki, ya roƙe ka ka tsaya masa, kai kuma ka ce to. Tun jiya maganar take cina a rai.

Ban hana ka taimakon aboki ba, amma ka san nauyin kayan kafin ka ɗora a kai. Mai tsaya wa mutum ba shaida ba ne. Shaida gani kawai ya yi. Kai kuwa alkawari za ka ɗauka cewa in ya kasa biya kai za ka biya, har da abin da ya hau kai na jinkiri, in takardar ta faɗi haka. Banki ba ruwansa da ko ka taɓa kuɗin ko ba ka taɓa ba.

Ni ma na taɓa yi, lokacin kana goye. Aka miƙo mini takardu, aka nuna mini wuraren da aka yi wa alama da fensir, na sa hannu a tsaye, don ina jin kunyar in ce a bari in karanta. Shekara uku ana yankar albashina. Da na kai kuka, ma'aikacin bai ce mini uffan ba, ya juyo takardar ya ɗora yatsa a kan sa hannuna.

Saboda haka ka karɓi takardar ka tafi da ita gida. Ka duba nawa ne iyakar abin da ka lamunta, kuma wannan bashin kaɗai ne ko har da wanda zai ci nan gaba. Duk gurbin da aka bari ba rubutu, a cike shi a gabanka, sannan ka riƙe kwafinka. In abokin ya ɓata rai, tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Af, lambar nan da banki ke turo maka a waya, ita ma sa hannu ce. Kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga bankin yake kira.

In takardar ta zo hannunka, ka kira ni da daddare mu bi ta layi-layi. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka