A Haɗa Gwajin Rh Cikin Gwajin Kafin Aure

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tun 1901 Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini, a 1940 kuma shi da Alexander Wiener suka bayyana Rh, wato wani sinadari da wasu ke da shi a jininsu (fozitib), wasu kuma ba su da shi (negetib). Amma har yau amare da yawa ba su san nasu ba. Maƙwabciyata ta binne jarirai biyu. Shawara ke kama su, idanu su koma ruwan ɗorawa, dangi na cewa iska ce. Ashe ita negetib ce, maigidanta fozitib, shi ya sa jikinta ke yaƙar jinin jariran da suka gado jinin ubansu. Da an yi mata allurar anti-D, mai hana jikin uwa yaƙar jinin jariri, cikin awa 72 bayan haihuwar fari, da an kare ƙannen.

Ina roƙon hukuma ta tabbatar ana gwada Rh, ta kuma sauƙaƙa kuɗin allurar.

Wassalam,
Mai karatu, Fagge, Kano