Kun manta da Tracy Chapman a rahoton bikin CMA

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan rahoton da kuka buga a shafinku na nishaɗi game da bikin karrama mawaƙan kantiri (kiɗan karkarar Amurka), wato CMA, karo na 57, da aka yi a birnin Nashbil na Amurka ranar 8 ga Nuwamba, 2023.

Abin da kuka kawo daidai ne. Lainey Wilson ce ta cinye daren da kyautuka biyar, har da babbar kyautar gwarzon shekara, wadda rabon da mace ta ɗauke ta tun Taylor Swift a 2011. Chris Stapleton ya sake zama gwanin mawaƙa maza, Jelly Roll kuma ya samu ta sabon mawaƙi yana dab da shekara arba'in. Amma wallahi na karanta har ƙarshe ina neman sunan Tracy Chapman, ban gan shi ba, kuma a wurina labarinta ya fi duk sauran nauyi.

Baiwar Allah nan ta fitar da waƙarta Fast Car tun 1988. Labarin wata yarinya ce da uwarta ta tafi, ubanta ya faɗa shaye-shaye, ta bar makaranta don ta kula da shi, tana aiki a kanti tana burin wata rana ta kuɓuce wa talauci. Bayan shekara 35 sai Luke Combs, wanda ya taso yana jin kaset ɗin a motar mahaifinsa, ya sake rera ta. Kusan bai taɓa baitocin ba. Ko wurin da mai labarin ke bayyana kanta a matsayin mace mai karɓar kuɗi a kanti, haka ya rera shi da muryarsa ta ƙato. Shi aka ba kyautar faifan shekara, amma kyautar waƙar shekara a ƙa'idarsu ta wanda ya rubuta ce, ba ta wanda ya rera ba. Don haka aka kira sunan Chapman, ta zama baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta tun da aka fara bikin a 1967. Ba ta ma halarci wurin ba, saƙonta na godiya aka karanta.

Wannan ƙa'ida ce ta tsaya mini a rai. A nan gida sau nawa muke jin yaro ya ɗauko amshin wani tsohon makaɗi, ya ɗora masa fiyano, waƙa ta zagaye gidajen biki da wayoyi, amma ko sunan mai ita ba a ambata ba, balle iyalansa su ga sisi? Wasu ma gani suke abin da ya tsufa ba shi da mai shi.

Kada kuma a ce mana kiɗan kantiri baƙo ne a kunnenmu. Ni a shagon ɗinkin babana na san shi. Keken Singer na ƙara, rikoda na kan kanta, Don Williams na rerawa a hankali kamar mai lallashin yaro. In zaren kaset ya sarƙe, ni ake miƙa wa biro in naɗe shi. Baba ba ya jin Turanci sosai, amma yakan ce mutumin nan ba ya hayaniya. Sai da na girma na san shi ma ya ci kyautar gwanin mawaƙa maza a wannan biki a 1978. Banjo ɗin da suke kaɗawa kuwa, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka kai asalinsa can, kuma duk wanda ya san gurmi ko molo zai ga dangantakar. Charley Pride, baƙar fata ɗan Misisifi, ya zama gwarzon shekara tun 1971.

Roƙona shi ne ku ware shafi ku ba da labarin Chapman cikakke, sannan ku tura wakilinku ya tambayi mawaƙanmu na zamani da masu situdiyo a Kano da Kaduna yadda suke yi da haƙƙin tsofaffin da suke ɗaukar waƙoƙinsu.

Allah ya ƙara basira. Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Tudun Wada, Kaduna