Wasiƙa zuwa ga aminina a Kumasi, a kan kocin da ya ajiye ɗansa a benci

Kano, daren Lahadi

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Nan gida kowa ƙalau. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma fita barka da ta'aziyya kamar da. Goron da ka aiko ya iso, ta raba wa ƙawayenta, ta ce Allah ya yi maka albarka.

Saƙon muryar da ka turo ranar Juma'a, sau uku na saurare shi. Na fara ba ka amsa ta waya sai na fasa, don maganar ta fi ƙarfin minti biyu. Ka ce iyayen yaran da kake horarwa sun fara gunaguni, wai riga mai lamba bakwai ta zama gadon gidanku, kuma ka yanke shawarar cire yaron nan namu daga ƙungiyar gaba ɗaya kafin gasar hutu, don bakin mutane ya mutu. Na ji yadda muryarka ta yi ƙasa da ka zo wajen. Ko sunansa ba ka ambata ba, “yaron” kawai kake cewa, kamar yadda ka saba tun ranar da aka raɗa masa suna. Na san kunyar ɗan fari ce, ni ma a cikinta na tashi. Amma kafin ka aikata, bari in tuna maka wata rana da muka gani da idonmu, ni da kai.

Ka tuna Alhamis ɗin nan, 24 ga Yuni 2010? Kwana biyu ke nan da fitar da Najeriya daga gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu bayan canjaras biyu da biyu da Koriya ta Kudu, kowa jikinsa a sanyaye. Muka shiga gidan kallon bayan kasuwa don kawai mu ga yadda Italiya, mai riƙe da kofi, za ta lallasa wata ƙasa da yawancinmu ba mu iya faɗin sunanta ba. Rufin kwano ya ɗau zafi, janareta na ruri, ƙarar vuvuzela na fitowa daga talabijin kamar an taɓo gidan zuma. Minti 25 da farawa Robert Vittek na Slobakiya ya zura ƙwallo a ragar Italiya, wuri ya yi tsit. Da aka tafi hutun rabin lokaci muka fita muka yi La'asar a kan tabarmar mai shayi, kana ce mini Italiya za ta farke. A minti na 73 Vittek ya ƙara. Di Natale na Italiya ya rage ɗaya. Sai wani Kamil Kopúnek, wanda shigowarsa ke nan daga benci, ya bi ƙwallon da aka yi jifa, taɓawarsa ta farko ya ɗaga ta saman gola ta faɗa raga. Quagliarella ya ci wata kyakkyawa daga nesa a ƙarin lokaci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Slobakiya uku, Italiya biyu, a filin Ellis Park na Johannesburg. Yaron da ke karɓar kuɗi a bakin ƙofa har rawa ya taka, shi da ba ya goyon kowa.

Mutumin da ke tsaye bakin layi yana ta ɗaga hannu a ranar, kocin Slobakiya ne, sunansa Vladimír Weiss. Akwai abin da ya faru a wasan wanda ba mu lura da shi ba, sai daga baya na gane. Ɗansa na cikinsa yana cikin tawagar, shekararsa 20, ɗan wasan Manchester City da aka ba Bolton aro, mai gudu da yanka ta gefe. Da shi aka fara wasan farko, wanda New Zealand ta farke musu a daƙiƙun ƙarshe aka tashi ɗaya da ɗaya. Da shi aka fara na biyu, wanda Paraguay ta ci su biyu da nema ba su taɓuka komai ba. 'Yan jaridar ƙasarsu suka taso uban a gaba, har aka yi musayar zafafan kalamai. Da ranar Italiya ta zo, wasan da in ba su ci ba sai gida, uban ya canza mutum huɗu a cikin sha ɗayan farko, kuma ɗansa na cikin waɗanda aka ajiye. Ya shigo da irin su Juraj Kucka da Miroslav Stoch. Wasan da ya fi kowane girma a tarihin ƙasarsu, ɗan koci a benci ya kalle shi tun daga farko har busan ƙarshe.

In na tsaya a nan za ka ce ai maganarka na ƙarfafa. To saurari sauran. Bayan kwana huɗu, a Durban, da za su kara da Holan a zagaye na biyu, uban ya dawo da yaron cikin sha ɗayan farko. Holan ta ci biyu da ɗaya, Robben da Sneijder suka zura, Vittek ya ci fenareti a ƙarshe ya cika ƙwallo huɗu a gasar. Abin da nake so ka duba shi ne, bai kori ɗansa daga tawaga don ya wanke kansa a idon jama'a ba, bai kuma manne masa don jininsa ne ba. Ranar da ya ga tsarin wasa na buƙatar wasu, ya ajiye shi. Ranar da ya ga yana buƙatarsa, ya sa shi, alhali ya san in aka sha kashi za a ce ga abin da muke faɗa. A wurina dawo da shi ɗin ya fi ajiye shi wuya, kuma shi ne abin da kai kake gudu.

Gidan nasu ma abin a tsaya a duba ne. Mu nan uba ba ya iya kiran sunan ɗan farinsa, su kuwa kaka da uba da jika duk sunansu ɗaya, Vladimír Weiss, kuma dukansu sun sa rigar ƙasa. Kakan mai tsaron baya ne, yana cikin tawagar Cekoslobakiya da ta samu lambar azurfa a wasannin Olamfik na Tokyo a watan Oktoban 1964, bayan Hangari ta doke su biyu da ɗaya a wasan ƙarshe. A lokacin jaririn da zai zama koci bai wuce wata ɗaya a duniya ba, don a watan Satumban shekarar aka haife shi a Bratislava. Ya girma ya zama ɗan wasan tsakiya a Inter Bratislava, ya je gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya da rigar Cekoslobakiya, inda suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe kafin Jamus ta Yamma ta fitar da su da ci ɗaya. Ranar 1 ga Janairun 1993 ƙasar ta rabe biyu ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba, Cek ta kama gabanta, Slobakiya ta kama nata. Da sabuwar ƙasar ta buga wasanta na farko a watan Fabrairun 1994 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta ci ɗaya mai ban haushi, kuma Weiss ne ya zura ƙwallon. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da a ce kowane uba a gidan ya hana ɗansa fili don gudun surutu, da tun a kan kakan zancen ya ƙare.

Kada kuma ka ɗauka sunan gida ne ya ba shi kujerar koci. Ya fara ne da Artmedia, ƙaramar ƙungiya ta Petržalka, unguwar dogayen benaye da ke tsallaken kogin Danube a Bratislava. Ya ci musu gasar lig ta ƙasa a 2005. A wasannin neman gurbin gasar Zakarun Turai suka haɗu da Celtic ta Sikotilan, suka yi mata biyar da nema a Bratislava. Celtic ta rama huɗu a Glasgow, saura ƙiris, amma Artmedia ce ta wuce. Suka fitar da Partizan Belgrade a bugun fenareti, suka faɗa rukuni ɗaya da Inter Milan da Rangers da Porto. A gidan Porto an ci su biyu, suka farke suka ƙara, aka tashi uku da biyu. Kai da kake haɗa kuɗin ƙwallo da na ruwan leda daga aljihunka, na san wannan labarin zai yi maka daɗi.

A 2008 aka ba shi ƙungiyar ƙasa. Ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da 'yan kai, ba ta kai jihar Kano yawan jama'a ba, kuma tun samun 'yancinta har zuwa lokacin ba ta taɓa zuwa babbar gasa ba. A neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2010 suka je Prague suka ci Cek biyu da ɗaya, wato tsofaffin abokan zamansu waɗanda kullum ake ganin su ne yayye. Slobeniya ta doke su gida da waje, har aka fara fitar da rai. Wasan ƙarshe, 14 ga Oktoban 2009, a garin Chorzów na Polan, ana zubar ƙanƙara fili ya yi fari fat, ɗan bayan Polan ya ci gida tun a mintunan farko, suka riƙe wannan ɗayan har aka tashi. Haka suka zo na ɗaya a rukuni. Abin da ke ƙona mini rai duk lokacin da na tuna shi ne, su sun bar wanda ya kai su ya tafi da su Afirka ta Kudu. Mu kuwa marigayi Shaibu Amodu ne ya samo mana gurbi a wannan gasar, aka sauke shi saura 'yan watanni, aka ɗauko Lagerbäck daga Suwidin. Mun sha yin wannan muhawarar da kai, ba sai na maimaita ba.

Bayan nan ba kullum ake kwana a gado ba. A neman gurbin gasar Turai ta 2012 sun je Mosko sun ci Rasha ɗaya da nema, amma Armeniya ta zo har gida ta yi musu huɗu ba ko ɗaya, kuma a farkon 2012 ya bar aikin. Ya tafi Kairat ta Kazakistan, daga nan ya riƙe ƙungiyar ƙasar Jojiya daga 2016 zuwa 2020, ya kai su wasa ɗaya tak tsakaninsu da gasar Turai, Masedoniya ta Arewa ta ci su ɗaya a Tbilisi, ya ajiye aiki. Mahaifinsa ya rasu a 2018. A 2021 ya koma Slovan Bratislava, kuma wa ya tarar a can? Ɗan nasa, wanda ya gama zagayensa a Rangers da Espanyol da Olympiacos da Katar ya dawo gida. Suka sake zama koci da ɗan wasa, suka ci kofunan ƙasa tare, suka kai Slovan gasar Zakarun Turai a kakar 2024, inda aka doke su a duk wasanni takwas. Daɗin da ɗacin duk tare suka sha su, a gaban jama'a.

Yanzu in dawo kanka. Na ga bidiyon da mai ɗakinka ta turo wa uwargidana, na wasan da kuka yi a filin makaranta. Na ga yadda yaron ya karɓi ƙwallo da ƙafar hagu ya juya, ya ɗaga kai kafin ya bayar. Na kuma ga abin da ya yi bayan an ci: bai ruga wajen abokansa ba, sai da ya waiwayo bakin layi ya neme ka, kai kuwa ka sunkuyar da kai kana gyara igiyar usur. Wannan waiwayen ne ya hana ni barci, aminina. Kara da kunya halinmu ne, ban ce ka yar da su ba, amma yaro ɗan shekara 15 ba zai fassara korar da ka yi masa da kara ba. Zai ɗauka bai iya ba ne, ko kuma bakin maƙwabta ya fi shi daraja a wurinka.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka bar shi a ƙungiya. Ka sa mataimakinka ya riƙa rubuta wanda ya zo atisaye da wanda ya makara, a littafi ɗaya da kowane uba zai iya buɗawa ya gani. Ranar da yaron ya yi sanyi, ko abokan karawarku suka fi buƙatar mai ƙarfin jiki a gefen, ka ajiye shi, ka kuma gaya masa dalili da bakinka a gida kafin ya ji a fili. Ranar da ya fi kowa cancanta, ka ba shi rigarsa ko da duk zango za su yi magana. In kuma akwai uban da ya fi kowa ɗaga murya, ka je har gidansa bayan Isha ku zauna, wataƙila nasa ɗan ne ya daɗe a benci ba wanda ya yi masa bayani.

Direban da ya kawo goron zai juyo ranar Laraba. Na ba shi ƙwallaye biyu da takalmi ƙafa ɗaya, lamba 41, in ya yi wa yaron yawa a cusa auduga, zai cike shi kafin baɗi. Akwai kilishi da yaji na mai ɗakinka daga uwargida. Ka ce wa yaron Baffansa na Kano ya ga wasansa, kuma yana jiran bidiyon gasar hutu. Ka gaishe mini da Malam Liman da duk mutanen zango.

Wassalam,
naka amini.