Haba Malam Edita, ina ta'addanci a Crossfire?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina fata kana lafiya kai da sauran ma'aikata.

Gaskiya raina ya ɓaci da shirinku na ranar Asabar, kuma ba kowa ya ɓata min shi ba sai wannan baƙon naku da kuke ta ce wa Dakta. Wai wasannin harbi na kan tebur da muka yi muna yara su ne suka fara cusa wa yara son bindiga, har ya kama sunan Crossfire ya ce irinsu ne mafarin abin da muke gani yau a ƙasar nan. Shi kuma mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai haka ne Dakta, haka ne Dakta, ko tambaya ɗaya bai masa ba.

Ni dai na san mutumin nan bai taɓa ɗora hannunsa a kan abin ba, a hoto ya gani. Da ya taɓa yi da ya san ba wanda ake harbi a Crossfire, ba soja ba ɗan sanda ba ko tsuntsu. Allo ne na roba, bindiga ɗaya a wannan kan ɗaya a wancan, kuma a kafe suke sai dai ka juya ta dama ko hagu, kana harba ƙananan boris na ƙarfe kana tura wasu 'yan abubuwa guda biyu da ke tsakiya, ɗaya mai kusurwa uku ɗaya mai siffar tauraro, har su faɗa ragar abokin wasanka. Wanda ya riga cin uku shi ya yi nasara. Shi ke nan fa! To wannan ai ya fi kusa da ƙwallon ƙafa a kan yaƙi.

Kuma ko tarihin ma ya kwafsa, ya ce wai a shekarun 1990 aka ƙirƙiro shi. A'a. Kamfanin Ideal na Amurka ne ya fara fito da shi tun 1971, daga baya kamfanin Milton Bradley suka sake fitowa da shi, nasu ne aka yi ta talla a talabijin ɗin can a shekarun 1990 shi ya sa mutane suka fi saninsa.

Mu a Samaru muka san shi, a kwatas ɗin malaman jami'a, wani abokinmu babansa ya dawo daga karatu a Amurka ya zo musu da shi. Bayan la'asar sai ka ga takalman yaran unguwa jibge a ƙofar falonsu, layi ake yi, wanda aka ci ya tashi. Ƙarar boris ɗin nan kuwa kacau kacau har sai Hajiyar gidan ta leƙo ta ce ku kwashe tarkacenku ku koma baranda. Yatsa ya yi ta ciwo saboda jan kunama, wani har ya yi bororo amma ba zai yarda ya tashi ba. Abin da ya fi ƙona rai shi ne ka yi garaje ka harbe boris ɗinka duka su taru a ɓangaren abokinka, kana zaune hannu wayam yana ta dannowa yana maka dariya. A nan muka gane wasan na mai haƙuri ne, ka ƙyale shi ya zubar da nasa tukuna sannan ka auna a nutse. Kuma duk ranar da aka tashi sai an shiga ƙarƙashin kujeru ana neman waɗanda suka ɓace, don in suka ƙare wasa ya mutu.

Mu da iyayenmu ba su je ko'ina ba sai muka haɗa namu. Guntun filawud daga wajen kafinta, a buga ƙusoshi a gefe a zagaye da roba ta zama katanga, a je wajen mai gyaran keke a roƙi tsoffin boris, bututun biro da ɗan sifirin su ne bindiga, marfin kwalbar lemo shi ake turawa. Ba ya tafiya daidai ko kaɗan, rabin harbin a ƙafar mutum yake sauka, amma wallahi mun fi jin daɗinsa. Cikin waɗanda muka yi wannan da su akwai malamin firamare, akwai tela, akwai injiniya, ɗaya ma limami ne yanzu, ban san ko mutum ɗaya da ya ɗauki makami ba.

Dakta ya faɗa mana, yaran da ke dajin Birnin Gwari da Zamfara riƙe da bindiga, wanne ne a cikinsu ya taɓa ganin Crossfire? Yawancinsu ko aji ba a taɓa sa su ba balle abin wasa daga Amurka. Ana maganar talauci da rashin makaranta da makaman da ke shigowa ta iyaka, shi ya tsallake duk wannan ya zo ya kama boris ɗinmu. Don Allah ku sake shirin, ku gayyato wanda ya yi wasan da hannunsa, ko ku ba mu dama mu mayar masa da amsa.

Sannan maganar layin wayarku, kullum sai ku ce a bugo, mutum ya yi ta bugawa ba ya shiga, in ma ya shiga kafin ka gama sallama an katse an sa tallar maganin basir, kuma muryoyin nan dai guda nawa su muke ji kowane mako kamar su kaɗai ke da waya. A duba wannan ma don Allah.

Naku mai sauraro,
wani tsohon ɗan Samaru, Zariya