Tumakin Sarki Abdul'aziz da zakunan Shugaba Van Buren

Malam Edita, assalamu alaikum.

Duk lokacin da zaɓen Amurka ya ƙarato, sai jaridu su cika da labaran raha kan shugabanninta: wai William Taft ya maƙale a bahon wanka saboda ƙiba, wai George Washington haƙoran katako yake sawa. Na Taft babu wata shaida a kansa. Na Washington kuwa ba haka ba ne: da haƙorin dorina da darma da haƙoran dabbobi da na mutane aka haɗa masa su, kuma littafin lissafinsa na 1784 ya nuna an sayi haƙora 9 daga baƙaƙen fata. Muna roƙonku ku riƙa tacewa kafin ku buga, domin labaran da suka tabbata sun fi na ƙirƙira daɗi, ɗaya ma daga nan Jidda ya faro.

Ranar 12 ga Fabrairun 1945 jirgin yaƙin Amurka mai suna Murphy ya ɗauki Sarki Abdul'aziz na Saudiyya daga Jidda zuwa mashigin Suwez, inda Shugaba Franklin Roosevelt ke jiransa a wani jirgin, Quincy. Tun kafin a tashi aka fara kai ruwa rana. Sarki ya sa an kawo tumaki kusan 100, domin a wurinsa babba ba ya tafiya bai ciyar da waɗanda yake tare da su ba, kuma naman da aka yanka yau shi ne nama. Hafsoshin jirgi suka ce abincinsu na firji ya wadatar, ga shi babu wurin zuba dabbobi. Kanar William Eddy, jakadan Amurka a Jidda wanda ya yi tafinta a tafiyar, shi ya shiga tsakani. A ruwayarsa tumaki 7 aka bari suka hau. Tawagar ma an rage ta zuwa mutum 48.

Sarki ya ƙi kwana a ɗakin da aka ware masa. Aka kafa masa tanti na tamfol a gaban jirgi, aka shimfiɗa dardumai a kan ƙarfe. Da yake jirgi na sauya fuska, mai duba hanya ne ke fitar da alƙibla da kamfas duk lokacin salla. Abin da ya fi tayar wa sojojin hankali shi ne masu dafa gahawa, da suka hura gawayi dab da inda ake ajiye harsasai.

Ranar 14 ga wata aka haɗu. Roosevelt mashayin taba ne na gaske, amma bai kunna ko kara ɗaya a gaban Sarki ba. Eddy ya ce a hanyar zuwa cin abincin rana Roosevelt ya tsayar da lif tsakanin hawa biyu, ya zuƙi kara biyu shi kaɗai, sannan ya ƙarasa. Da Sarki ya yi maganar ciwon ƙafafunsa, Roosevelt, wanda shan inna ta hana shi tafiya, ya ba shi ɗaya daga kekunansa na guragu. Ya kuma yi masa kyautar jirgin sama ƙirar DC-3, wanda da shi kamfanin jiragen sama na Saudia ya fara. Kwana uku bayan nan Firaministan Ingila Churchill ya karɓi Sarki a Fayyum ta ƙasar Masar, ya sha tabarsa da barasarsa a gabansa, daga baya ya aiko da Rolls-Royce mai sitiyari a dama. Sarki a gaba yake son zama, hakan kuwa zai sa shi a hagun direba, saboda haka bai yi amfani da ita ba. A ganinmu, a nan Ba'amurke ya fi Bature karanta baƙonsa. Sai dai alƙawarin da Roosevelt ya yi a rubuce ranar 5 ga Afrilu, cewa ba za a yanke hukunci kan Falasɗinu ba sai an tuntuɓi Larabawa, bai daɗe ba: Roosevelt ya rasu ranar 12 ga watan.

Bayar da kyauta ya zo wa shugabannin Amurka da sauƙi, karɓa ce matsala, domin tsarin mulkinsu ya hana jami'i amsar kyautar sarkin wata ƙasa sai da yardar majalisa. A 1839 Sarkin Maroko Abdurrahman ya aika wa Shugaba Martin Van Buren zakuna biyu. Ƙaramin jakadan Amurka a birnin Tanja na Maroko, Thomas Carr, ya ce doka ta hana shi karɓa. Ɗan aiken ya ce idan ya koma da su za a sare masa kai, gara ya sake su a kan titi. Dole Carr ya share musu ɗaki a ofishin jakadanci, yana ciyar da su wata da watanni yana jiran umarni daga gida. A 1840 aka kai su birnin Filadelfiya na Amurka aka yi gwanjonsu, kuɗin ya shiga baitulmali.

Wassalam.

Wasu masu karatunku,
Jidda, Saudiyya.