Amsa Ga Malamin Da Ya Yi Tambaya Kan Shiga Masallaci Da Bindiga A Amurka

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka gayyace ni ka bugo waya kana tambaya: wai da gaske ne a Amurka mutum kan soke bindiga a ƙugu, ya rufa riga a kai, ya shiga masallaci ko coci, hukuma ba ta ce masa uffan ba? Lokaci ya ƙure ban amsa ba, shi ya sa na rubuto.

Kowace jiha da dokarta. A nan Texas, bayan kisan mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs a 2017, majalisar jiha ta cire wuraren ibada daga jerin wuraren da aka haramta shiga da bindiga, dokar ta fara aiki a Satumbar 2019. Yanzu wuƙa da nama suna hannun shugabannin wurin. In ba sa so, sai su sanar da baki ko su kafa allo a ƙofa, da Turanci da Sifaniyanci, haruffan ba su gaza inci ɗaya ba. A jihar Jojiya kuwa haramun ne sai shugabannin sun ba da izini. New York ta hana a 2022, ta sassauta a 2023 ga masu tsaron wurin.

Masu goyon bayan shiga da bindiga kullum misalin garin White Settlement na Texas suke kawowa, inda a Disambar 2019 Jack Wilson ya harbe maharin da ya kashe mutum biyu a coci. Haka aka yi. Sai dai Wilson shi ne shugaban masu tsaron cocin, kuma mai koyar da harbi ne, ba kowane Tanko da Bala ba.

Ka dubi sallarmu, Malam. Kafaɗa da kafaɗa muke tsayawa, a sujada riga takan ɗage, yara na gilmawa ta bayan sahu, wani ma sai ya ajiye kayansa a gefen famfo ya yi alwala. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai ratsa masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa Musulmi rauni, to ina ga harsashi?

Ra'ayina, kwamitin masallaci ya zaɓi mutane kaɗan masu horo, liman ya san su, su tsaya a ƙofa su yi sallarsu daga baya. Sauran jama'a kowa ya kulle tasa a gida.

Wassalam,
Ɗan'uwanka daga Houston